Tsokar Dabba Tana Bin Tsawon da Aka Bar Ta a Kai

An rubuto daga faifan laccar da aka yi wa ɗalibai da masu kiwo a birnin Kano.

Assalamu alaikum. Na baya can, kuna ji na? Madalla. Abubuwa biyu na zo da su.

Na farko, tsokar da ke manne da ƙashi, jan naman nan da kuke saya wurin mahauci, zare-zare ce. Kowane zare jerin ƙananan gaɓoɓi ne da ake kira sakomiya, a cikinsu furotin biyu, aktin da mayosin, suna shiga juna kamar ka sarƙe yatsun hannuwanka. A 1966 wasu masana, Gordon da Huxley da Julian, suka auna zaren tsokar kwaɗo, suka ga ƙarfi ya fi yawa idan tsawon sakomiya yana wajen maikiromita 2.0 zuwa 2.2 (maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). In an ja ta ya wuce kima, ƙarfi ya faɗi. In ta takure sosai, haka nan.

To ga wanda na fi so. Ku ajiye wayoyin nan ku saurara. A 1972 Tabary da Goldspink da abokan aikinsu suka sa wa ƙafar kyanwa filasta. Wasu aka bar tsokar sha-raɓarsu a miƙe, wasu a takure. Kyanwa fa, wadda kuke kora daga kicin! Bayan makonni, wadda aka bari a miƙe ta ƙara sakomiya kusan kashi 20 cikin ɗari. Wadda aka takure ta zubar da kusan kashi 40. Arba'in, jama'a! Ba wanda ya yanke mata komai, ita da kanta ta rage, don ta dace da tsawon da aka bar ta a kai. Da aka cire filastar, ta dawo daidai. An kuma rataya wa kaji nauyi a fiffike, tsokar da ta sha ja ta yi kauri.

Shi ya sa abin ke damuna in na ga akuya ta karye an ɗaure mata ƙafa a lanƙwashe wata da watanni. Ƙashi ya haɗe, amma ta tashi tana ɗingishi, a ce ɗorin ne bai yi ba. Sau da yawa tsokar ce ta gajarce.

Na uku... na biyu ne ko? To, na biyu. Ɗamewar tsoka ba tare da gaɓa ta motsa ba, irin jakin da ke jan amalanken da ya kafe. Tsoka tana aiki, tana matse hanyoyin jininta, sai gajiya ta zo da wuri. Duka ba ya ƙara masa ƙarfi, a rage kaya.

Na'am, Baba, bismillah.

Baba yana tambaya, dokin da yake hawa ranar Hawan Daushe a tsaye yake gyangyaɗi, ya ba ya gajiya? Allah ya ƙara girma, wannan ba ɗamewar tsoka ba ce sosai. Doki yana da jijiyoyi masu tauri da ke riƙe gaɓoɓin ƙafa, kuma ƙoƙon gwiwar baya yana maƙalewa a kan ƙashin cinya ya kulle ta, tsoka ta samu sauƙi. Amma barci mai nauyi sai ya kwanta. Don haka, Baba, a sassauta masa igiya da dare, a zuba masa yashi mai laushi a barga.