Ƙwaƙwalwar ɓeran da ta yi shuɗi a WhatsApp

Assalamu alaikum jama'ar zango, daga Aboabo har Asawase a Kumasi. Hoton nan da kuke ta turo mana, wai wani magani ne ya ƙona ƙwaƙwalwar ɓera. Ba ƙuna ba ce. Rini ne, kuma masu bincike ne suka yi masa allurarsa da gangan.

Jijiyoyin jinin da ke cikin ƙwaƙwalwa a liƙe suke gam, ba kowane abu ne ke ratsa bangonsu ba; wannan shi ne shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Tun 1885 wani Bajamushe, Paul Ehrlich, ya yi wa dabba allurar rini, gaɓoɓi suka rine, ƙwaƙwalwa ta ƙi. Yau ana amfani da rini mai ƙyalli: sodium fluorescein, ƙanƙani, mai nauyin dalton 376 (dalton ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari ne), da Evans blue, wanda ke maƙalewa jikin furotin albumin da ke cikin jini ya zama ƙato. A yi allura, a jira ya zagaya, a auna haske. Wannan kowa ya gane.

To ga inda ake yin tuntuɓe. Ku duba ƙwaƙwalwar ɓeran da aka yi wa allurar fluorescein. Kore shar, ko? Sai mutum ya ce shinge ya fashe. A'a, malam, dakata. Ƙwaƙwalwa cike take da ƙananan jijiyoyi, kuma rinin yana cikin jinin da ke cikinsu. Ruwa a cikin bututun da aka binne a bango daban, ruwan da ya jiƙa bangon daban. Na biyun ake nema.

Shi ya sa kafin a ciro ƙwaƙwalwar sai an wanke jinin. Ɓeran yana cikin banju mai nauyi, ba ya jin komai. A soka allura a ɓarin hagu na zuciya, a ɗan tsaga ɓarin dama, a tura ruwan gishiri a hankali. Ku sa ido kan hantar ɓeran. Ga ta ja jawur... tana koɗewa... ta koɗe. Ruwan da ke fita ma ya washe. Yanzu ne duk wani ƙyalli da ya rage yake da ma'ana, don ya riga ya fita daga jijiya ya shiga naman ƙwaƙwalwa.

Kuma abin na son hannu. Ka tura da ƙarfi, kai da kanka ka fasa jijiyoyin. Ka yi ha'inci, lafiyayyen ɓera ya fito maka kamar mai ciwo. Ni dai, hoton da ba a faɗi yadda aka yi wankin nan ba, ba na saye.

Me ya shafe mu? Zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kan yaro, wannan shingen yana cikin abin da ke lalacewa, kuma da Evans blue ake nuna hakan a ɓerayen gwaji. Ɗaliban jami'ar KNUST ta Kumasi da ke kallo, in kun samu takardar da hoton ya fito, ku tsallake hotunan tukuna, ku nemo layin da ya yi maganar ruwan gishiri.