Henry Bemis da Tabaransa: Waiwaye kan Wani Tsohon Shirin Talabijin

Masu kallo, barkanku da wannan lokaci. Yau za mu koma daren 20 ga Nuwamba 1959, lokacin da tashar CBS ta Amurka ta nuna kashi na takwas na shirin The Twilight Zone, mai suna Time Enough at Last. Rod Serling ne ya rubuta shi daga gajeren labarin Lynn Venable, John Brahm ya ba da umarni. Hoton baƙi da fari ne, bai cika rabin awa ba. Zan faɗi ƙarshensa, don haka wanda bai gani ba ya dakata ya je ya kalla.

Burgess Meredith ne ya fito a matsayin Henry Bemis, ma'aikacin banki mai tabarau masu kauri, wanda ba abin da yake so a duniya kamar karatu. Yana ƙirga wa wata mata kuɗi, idonsa na kan littafi, har ya ba ta ba daidai ba. Shugaban banki ya yi masa kashedi. A gida kuma matarsa Helen ta ce ya karanta mata waƙa. Ya buɗe littafin da murna, sai ya tarar ta bi shafi-shafi ta soke rubutun. Ku lura da fuskarsa a wurin nan. Ni dai wannan wurin ya fi bam ɗin da ke tafe taɓa ni.

Da lokacin cin abincin rana ya yi, sai ya shige ɗakin ajiyar kuɗi ya rufe ƙofa don ya samu sarari ya yi karatu. Yana ciki bam ɗin nukiliya ya tashi a waje, ɗakin ya kare shi. Masu kallo na 1959 ba su ɗauki wannan da wasa ba, don Amurka da Tarayyar Sobiyat duk sun riga sun gwada bam ɗin haidurojin, wani nau'in bam ɗin nukiliya mai ƙarfin gaske.

Ya fito, gari ya zama kufai. Abinci akwai, mutane babu. Ya yi ta kiran Helen, matar da ta hana shi sakat. Kaɗaici ya kai shi ga ɗora bindiga a kansa, sai ya hango ɗakin karatun gari. Ya jera littattafai a kan matakala, na wannan wata daban, na baɗi daban.

Wasu na cewa hukunci ne aka yi masa don ya fifita littafi a kan jama'a. Ban yarda ba. Wanda bai damu da mutane ba, ba zai nemi kashe kansa don sun ƙare ba. 'Yar sa'a guda ta karatu kawai ya roƙa, aka hana shi.

Ya sunkuya zai ɗauki littafi, tabaran suka zame suka faɗi, suka tarwatse. Yana lalube, yana kuka, yana cewa ba a yi masa adalci ba. Kyamara ta ja da baya, ta bar shi tsakanin littattafan.