Ƙididdigar Masu Kallo da Makomar Shirye-shiryen Talabijin a Amurka

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina, ɗalibai da sauran mahalarta, barkanmu da warhaka. An nemi in yi bayani a kan yadda manyan tashoshin talabijin na Amurka, wato ABC da CBS da NBC da Fox, suke yanke shawarar shirin da zai ci gaba da wanda za a dakatar. Amsar da aka saba ji ita ce shirin da jama'a suke kallo shi ne yake ɗorewa. Wannan amsa tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba, kuma a wurin da ta gaza nake so mu ɗan daɗe.

Tun asali waɗannan tashoshi da kuɗin talla suke rayuwa, domin duk wanda ya kafa eriya a gidansa kyauta yake kallonsu. Saboda haka hajar da tasha take kai wa kasuwa ita ce mutanen da shiri ya tara mata, mai sayen hajar kuwa shi ne kamfanin mota ko na sabulu ko na magani da yake son a ga tallarsa. A watan Mayu na kowace shekara tashoshin suna taruwa da masu talla a birnin New York, su gabatar da jadawalin da zai fara a watan Satumba, su sayar da kaso mai yawa na lokacin talla tun ba a nuna ko fitowa ɗaya ba. A cikin cinikin tasha tana alƙawarin adadin masu kallo, idan kuma shirin bai kawo adadin ba, wajibi ne ta biya diyya da lokacin talla kyauta. Shi ya sa Mayu ya zama watan fargaba ga 'yan wasa da marubuta da sauran ma'aikata, domin a cikinsa ake sanin wanda zai koma aiki da wanda zai nemi wani.

Ciniki irin wannan yana buƙatar mudun da mai saye da mai sayarwa suka yarda da shi, kuma kamfanin Nielsen ne ya riƙe wannan matsayi. Arthur Nielsen ya kafa shi a Chicago a 1923, ya yi ƙididdigar masu sauraron rediyo, sannan ya shiga ta talabijin a 1950. Ba kowane gida yake ƙirgawa ba. Yana zaɓen gidaje kimanin 40,000 su wakilci gidaje fiye da miliyan 120, ka ga ke nan gida ɗaya yana tsayawa a madadin gidaje wajen 3,000. A da ana ba iyalai littafi su riƙa rubuta abin da suka kalla, tare da wata na'ura da ake haɗawa da akwatin talabijin. A 1987 aka kawo na'urar da kowane ɗan gida yake da maɓallinsa, yana dannawa idan ya zauna kallo, ta haka aka riƙa sanin shekarun mai kallo da jinsinsa a kowane dare. Ɗalibai sukan tambaya yadda 'yan gidaje za su faɗi halin ƙasa guda. Mai sayen hatsi yana ɗibar tafi ɗaya daga buhu ya san abin da yake ciki, muddin ba a yi wa buhun algus an zuba mai kyau a sama ba. Ingancin ƙididdigar ya dogara ne a kan yadda aka zaɓi gidajen, fiye da yadda ya dogara a kan yawansu.

Alƙaluma biyu ake fitarwa. Na farko yana nuna kason da suka kalli shirin daga cikin duk gidajen da suke da talabijin, na biyu kuma yana nuna kasonsu daga cikin gidajen da talabijin ɗinsu yake kunne a wannan lokaci. A ranar 28 ga Fabrairu 1983, da CBS ta nuna fitowar ƙarshe ta shirin M*A*S*H, kimanin kashi 60 cikin 100 na gidaje masu talabijin sun kalla, wanda ya yi daidai da kashi 77 na waɗanda suke kallon wani abu a daren, mutum fiye da miliyan 100.

Yanzu mu zo ga abin da ya fi damuna. A idon mai talla masu kallo ba daraja ɗaya gare su ba. Shekaru da dama ƙididdigar da ta fi kowace nauyi ita ce ta masu shekara 18 zuwa 49, bisa hujjar cewa matashi bai riga ya kafe a kan haja ɗaya ba, kuma yana da wuyar samu a gaban talabijin, alhali dattijo kullum yana nan. Abin da ya faru a CBS a 1971 ya bayyana sakamakon wannan tunani ƙarara. A ƙarƙashin shugabanta Robert Wood da jami'in shirye-shiryenta Fred Silverman, tashar ta share shirye-shiryenta masu labarin ƙauye, irin su The Beverly Hillbillies da Green Acres da Mayberry R.F.D. da Hee Haw. Biyun ƙarshe suna cikin shirye-shirye 20 da aka fi kallo a ƙasar a lokacin da aka sallame su. Laifinsu shi ne yawancin masu kallonsu dattawa ne da mutanen karkara, tashar kuwa matasan birni take nema. Gaskiya ne cewa wata sabuwar dokar gwamnati ta rage wa tashoshi lokacin shirye-shiryen dare a wannan shekara, don haka dole a sauke wasu, amma zaɓen waɗanda aka sauke ya nuna mutanen da aka ga za a iya yin watsi da su. Hee Haw ya koma hannun ƙananan tashoshi, ya ƙara fiye da shekara 20 ana nuna shi, wato masu kallonsa ba su je ko'ina ba. Kuma al'adar ba ta gushe ba, domin a 2012 NBC ta dakatar da Harry's Law duk da yana cikin wasanninta da suka fi yawan masu kallo, saboda yawancinsu sun haura shekara 50. A ganina wannan tauye haƙƙi ne, domin tashoshin nan da izinin gwamnati suke watsa shirye-shirye a kan sharaɗin yi wa jama'a hidima, kuma dattijo ɗan ƙasa ne kamar kowa.

Sai dai kada a ɗauka alƙalami ɗaya ne yake yanke komai. Shirin barkwanci na Cheers ya fara a NBC a 1982 yana kusa da ƙarshen jerin ƙididdiga, amma Brandon Tartikoff, shugaban sashen shirye-shiryen tashar, da abokan aikinsa suka yi haƙuri da shi, har ya yi zango 11, wato shekara 11 ana nuna shi, ya kuma taɓa zama na ɗaya a ƙasar. Lokacin da aka ajiye shiri ma yana iya kashe shi. Bayan masoya Star Trek sun yi ta aika wasiƙu a 1968, NBC ta bar shi, amma ta mayar da shi ƙarfe 10 na daren Juma'a, lokacin da matasa ba sa gida, ta kuma dakatar da shi a 1969 bayan fitowa 79. A maimaicin da ƙananan tashoshi suka riƙa yi daga baya ne ya shahara. Akwai kuma batun mallaka. Shirin da ya kusa fitowa 100 yana da kasuwar maimaici mai tsoka, kuma ribar ta kamfanin da ya shirya shi ce. A watan Mayu 2018 Fox ta sallami Brooklyn Nine-Nine, washegari NBC ta ɗauke shi, kuma ba abin mamaki ba ne, tun da kamfanin Universal da yake shirya shi gida ɗaya suke da NBC. Hayaniyar masoya kuwa ƙarfinta kaɗan ne. A 2007 masu son Jericho sun yi ta aika wa CBS gyaɗa tan-tan, aka dawo da shi fitowa 7, ƙididdiga ba ta tashi ba, aka sake rufe shi a 2008.

Shi kansa ma'aunin yana canzawa. Da mutane suka fara naɗar shiri su kalla daga baya, a 2007 aka koma ƙirga waɗanda suka kalli tallar kanta cikin kwana 3 da nuna shirin, abin da ya ƙara tabbatar da cewa talla ake aunawa. A 2021 hukumar da take tantance ma'aunan kafofin watsa labarai ta dakatar da shaidar ingancin Nielsen, bayan an gano ya rage adadin masu kallo a lokacin annobar korona, ba a mayar masa da ita ba sai a 2023.

A watan Mayu 2025, bisa alƙaluman Nielsen, kallo ta intanet ya zarce na tashoshin eriya da na kebul idan aka haɗa su. Wannan sauyi ya zo da matsalarsa. Kamfani irin Netflix yana sanin wanda ya fara shiri da inda ya tsaya, ba tare da buƙatar gidajen gwaji ba, amma cikakken bayanin yana hannunsa, shi yake zaɓen abin da zai fitar, kuma sai a ƙarshen 2023 ya fara wallafa rahoton sa'o'in kallo na wata shida-shida. A tsohon tsari, duk da aibinsa, marubucin da aka dakatar da shirinsa yana ganin alƙaluman da kowa yake gani, yana iya yin jayayya da su. Wannan na cikin dalilan da suka sa marubutan Hollywood, a yajin aikinsu na 2023, suka sanya samun bayanan masu kallo cikin buƙatunsu, kuma yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen yajin ta wajabta wa kamfanonin su riƙa ba ƙungiyar marubutan adadin sa'o'in da aka kalli shirye-shiryensu, bisa sharaɗin sirri.

Na gode da sauraro.