Bindigar mashi a ruwan Rima: gajera ko doguwa?

Jama'a, assalamu alaikum. Wannan ruwa da kuke gani na madatsar Goronyo ne, a kan gulbin Rima. Ku dubi launinsa da kyau, don shi zai gaya muku irin bindigar mashin da za ku saya don harbin kifi a ƙarƙashin ruwa.

Bindigar mashi ba ta cin harsashi. Roba ake ja a maƙale ta a jikin mashin ƙarfe, kamar dai danƙon da yara ke harbin tsuntsu da shi. Masu nutso a teku, inda ruwa yake garau, suna riƙe doguwa, mai tsawon santimita 110 zuwa 130. Mu kuwa, da damina ko tafin hannunka ba ka gani a ƙarƙashin ruwa, da rani ne yake ɗan washewa. To me za ka yi da doguwa? Kafin ka juya ta kifi ya wuce. Nemi gajera, santimita 60 zuwa 75. Mashin ya yi kaurin milimita 7 ko sama, da kunne a bakinsa mai buɗewa in ya shiga nama. Siriri lanƙwashewa zai yi a jikin giwan ruwa.

Kuma kada ku raina giwan ruwa. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, da homa da gora ake kama wanda sai ƙarti sun taru kafin su ɗaga shi. Irin wannan in ka soke shi, ja zai yi da kai. Shi ya sa igiyar mashi ake ɗaure ta a jikin abin da ke yawo a saman ruwa, ko gora ce ma ta isa. Ban da ɗaurawa a ƙugu ko a hannu. Wuƙa kuma tana jikinka, ko da igiya ta sarƙe a saiwa.

Sai batun matsawa kusa, inda yawanci ake faɗuwa. Kifi yana da wata jijiya a gefen jikinsa, daga kai har wutsiya, da ita yake jin motsin ruwa tun bai gan ka ba. Kana facal-facal da ƙafa, ka riga ka yi masa sallama. Nutse a hankali, ka lafe kusa da kututture ko dutse, ka jira. Kada ka bi shi, kada ka ƙura masa ido. Babban kifi yana da son ganin ƙwaf, sau da yawa shi zai zo duba ka. Sannan gilashin fuska yana yaudara: yakan ƙara wa kifi girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, ya kuma nuna shi kusa alhali da saura. In ranka ya ce harba, ƙara haƙuri kaɗan. Saiti bayan kai, inda ƙashin baya ya fara.

Ba a ɗana bindigar a tudu, sai cikin ruwa. Ba a nutso mutum ɗaya: ɗaya na ƙasa, ɗaya na sama yana kallonsa, don riƙe numfashi kan sumar da mutum ba gargaɗi. Kafin ka jiƙa ƙafa kuma, je ka gaida Sarkin Ruwa ka nemi izini. Shi ya san gurbin da kada yake kwana.