Kalgari: garin da matafiya ke wucewa da gudu don su kai Banff

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau Kanada muka nufa, can yammacin ƙasar, lardin Albata, garin Kalgari. Yawancin masu zuwa yawon buɗe ido wannan yankin abin da suke yi shi ne su sauka a filin jirgi su karɓi motar haya su cilla sai Banff, wurin shaƙatawa a cikin duwatsun Roki, shi Kalgari ko kallon kirki ba sa yi mishi, ni kuma a ganina asara ce wallahi, ko kwana biyu ne ya kamata mutum ya ba shi kafin ya hau duwatsu.

Ku dubi taswirar nan tukuna. Gabas da garin fili ne shimfiɗe iya ganin idonka, gonakin alkama da garken shanu. Yamma kuma duwatsun Roki ne a jere, ranar da sama ta yi garau kana tsakiyar gari kana hango su da farar ƙanƙara a kai. Kalgari a tsakani yake, a tudun da ya haura mita 1,000 daga teku, daidai inda kogin Bow da kogin Elbow suka haɗu. A mahaɗar nan 'yan sandan doki na Kanada suka kafa sansani a 1875, amma fa ƙasar dama da masu ita, mutanen Blackfoot da Tsuut'ina da Stoney Nakoda, waɗanda gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da su a 1877. Jirgin ƙasa ya iso a 1883, masu manyan garaken shanu suka cika wajen, sai kuma aka haƙo mai a Turner Valley kudu da garin a 1914, aka sake samun wani babba a Leduc a 1947. Dogayen benayen nan na gilashi da kuke gani kuɗin mai ne, kuma man yana cikin abin da ya ja 'yan Najeriya da yawa suka zauna a nan. A ƙidayar 2021 mutanen garin sun haura miliyan 1.3.

To mu shiga gari. Wannan hasumiyar mai jan kai ita ce Calgary Tower, tsayinta mita 191, an buɗe ta a 1968, lokacin duk garin babu ginin da ya kamo ta, yanzu kam benaye da dama sun shige ta. A can sama akwai wani ɓangare da aka yi daɓensa da gilashi, ka taka ka leƙa ƙasa ka ga motoci tsakanin ƙafafunka, za ka ga ƙaton mutum ya sa ƙafa ɗaya ya janye yana dariyar yaƙe, yara kuma sun kwanta a kai suna ɗaukar hoto. Shawarata, in akwai hadari ko hazo ka riƙe kuɗinka, don duwatsun ake hawa gani.

Daga nan a ƙafa za ka gangara Stephen Avenue, titin shaguna da gidajen abinci. Ku lura da tsofaffin gine-ginen nan na dutse mai ruwan ƙasa, gobara ce ta jawo su, ta tashi a 1886 ta cinye gidajen katako da yawa shi ne aka koma gini da dutse. In kun ɗaga kai za ku ga wasu rufaffun gadoji daga wannan bene zuwa wancan, Plus 15 ake ce musu, sun kai wajen kilomita 16 in aka haɗa, lokacin sanyi ma'aikaci sai ya fito ofis ya je ya ci abinci ya biya banki ya dawo bai taka waje ba. Babban laburaren garin da aka buɗe a 2018 shi kam kar ku bari ya wuce ku, shiga kyauta ne, cikinsa katako ne aka lanƙwasa hawa-hawa, kuma jirgin ƙasan cikin gari, C-Train, ta ƙarƙashinsa yake bi. Sai jar gadar nan ta masu tafiya a ƙafa da keke, Peace Bridge, wadda Santiago Calatrava ɗan Sifaniya ya zana aka buɗe a 2012. Lokacin ginin mutanen gari sun yi ta surutu wai an ɓarnatar da kusan dala miliyan 25 a kan gada guda, yau kuma nan amare suke zuwa hoto.

Kogin nan da kuke gani lumui yana da tarihi fa. A watan Yunin 2013 ya yi ambaliyar da ta shanye tsakiyar gari, aka kwashe dubban mutane daga gidajensu, gidan zoo da ke kan tsibiri a cikin kogin ruwa ya cika shi har ma'aikata suka kwana suna gadin dorinar ruwa kar ta fice ta bi kogi. Magajin garin a lokacin Naheed Nenshi ne, wanda aka zaɓa a 2010, Musulmi na farko da ya riƙe babban birni a Arewacin Amurka, ya yi har 2021.

Yanzu ga babban abin, Stampede, bikin kaboyi da wasannin dawakai da shanu na garin. Kwana 10 ake yi a watan Yuli, sama da mutum miliyan ɗaya ke shiga duk shekara, kuma tun 1912 wani mai wasan igiya Ba'amurke Guy Weadick ya fara haɗa shi. A kwanakin nan garin gaba ɗaya canzawa yake, manajan banki da lauya da direban bas kowa da hular kaboyi da wandon jins da takalmi mai dogon wuya, ƙofofin ofisoshi an jera damin ciyawa. Ranar Juma'ar farko ake faretin buɗewa da dawakai da makaɗa. A filin kuma da rana ake rodiyo, kun ga wannan, doki ne da ba ya yarda a hau shi ko bijimi mai nauyin da ya haura kilo 700, an matse shi a ɗan keji, mahayi ya zauna a bayansa ya naɗe igiya a hannu ɗaya, ya gyaɗa kai, a buɗe ƙofa. Daƙiƙa 8 kacal ake so ya yi a kai kuma ɗaya hannun ba zai taɓa dabbar ba, in ya taɓa ya faɗi ko da bai faɗo ba. Daƙiƙa takwas a baki ba komai ba ce, amma ku kalli yadda bijimin ke juyi yana watsa ƙafafun baya sama, da yawa ko rabi ba sa kaiwa. Da yamma sai tseren keken doki, kowane keke dawakai huɗu, an fara shi tun 1923. Wannan tseren ana rigima a kansa sosai, don dawakai suna mutuwa a ciki, masu kare haƙƙin dabbobi sun daɗe suna neman a daina, ni ma gaskiya ba shi ne ya fi burge ni ba. Abin da na fi so mutum ya nema shi ne Elbow River Camp, inda iyalai daga ƙabilun asali suke kafa tantunansu masu tsini, da rawa da kiɗa da aikin duwatsun ado, tun bikin farko suna cikin Stampede.

Wani abu kuma, da safe ko'ina a gari ana raba fankek kyauta, masallatai ma wasu suna yin nasu, amma a sauran wuraren a kula, yawanci ana haɗawa da naman alade a gefe, sai ka tambaya kafin a zuba maka. Abincin halal ba wuya a Kalgari, musamman arewa maso gabashin gari da kuma titin da ake kira International Avenue. Kuɗin otal dai a kwanakin Stampede tashi yake ba tausayi, wanda bai kama ɗaki da wuri ba zai ji a jikinsa.

Mai iyali ya leƙa Heritage Park, ƙauyen tarihi ne da aka buɗe a 1964, akwai jirgin ƙasa mai tururi da ake hawa. Filin wasannin Olamfik na hunturun 1988 shi ma yana nan a bakin gari ta yamma.

Maganar yanayi. Sanyin nan ba wasa, yana sauka ƙasa da sifili da digiri 30 wani lokacin, amma akwai wata iska mai ɗumi da ke gangarowa daga duwatsu, shinuk, cikin 'yan awoyi sai ta ɗaga zafin da digiri 15 ko 20, ƙanƙara ta narke titi ya caɓe, alamarta wani gajimare ne mai kamar baka a sararin yamma. Da bazara kuma ƙanƙarar ruwan sama ce matsalar, tana fasa gilashin mota. Kuma ranar doguwa ce, ƙarshen Yuni magariba sai wajen 10 saura na dare, isha'i sai 11 ta wuce, don haka a tsara barci da sallah tun kafin a zo.

To sai duwatsun. Banff wajen awa ɗaya da rabi ne a mota ta babban titin Trans-Canada, shi ne gandun daji na ƙasa na farko a Kanada, tun 1885, kuma sai da tikitin shiga. A hanya za ku ga gadoji da aka shuka bishiyoyi a kansu, na namun daji ne su tsallaka titi. Tafkin Louise da tafkin Moraine launin ruwansu shuɗi-kore ba gyaran hoto ba ne, daskararriyar ƙanƙarar kan dutse ce ke niƙa duwatsu su zama gari, garin ya bi ruwa ya tsaya yana yawo a ciki, hasken rana ya buga. Amma tun 2023 an hana motar gida zuwa Moraine, sai bas, kujerun kuma ƙarewa suke da wuri, a yi bukin ta intanet. Beyar daji tana nan da gaske, ba a ba ta abinci ba a matsa mata don selfi.

In da sauran kwana ɗaya, maimakon yamma ku yi gabas zuwa Drumheller, shi ma kamar awa ɗaya da rabi. Kana cikin tafiya a shimfiɗaɗɗen fili kawai sai ƙasa ta tsage ka gangara wani kwari mai zane-zane a jikin bango, a nan gidan tarihin Royal Tyrrell yake, an buɗe shi a 1985, cike da ƙasusuwan dainoso, manyan dabbobin da suka ƙare tun zamanin da, da aka tono a lardin. Da rani kwarin zafi gare shi kuma inuwa ba yawa, a tafi da ruwa da hula.

Wanda ya taɓa zuwa ya faɗa mana a kwament inda muka tsallake. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba.