Me Ya Sa Wani Zai Bar Real Madrid Ya Bi Oviedo?

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake saduwa.

Ranar Asabar da la'asar, ku leƙa kowane gidan kallon ƙwallo a Kano, ko Kaduna, ko Maraɗi. A bakin ƙofa ga allo an rubuta wasannin ranar da alli. A ciki an jera benci, fanka na juyawa, janareta na ruri a bayan gida. Ku dubi rigunan da ke jikin jama'a: jar Manchester United da ta Arsenal, shuɗiyar Chelsea, farar Real Madrid, mai ratsin Barcelona. Musun da za a kwashe har bayan isha'i a teburin mai shayi ma bai wuce na waɗannan ƙungiyoyi ba.

To amma na san wani tela a unguwarmu da ba ya cikin wannan layi. Shi ɗan Bolton ne. Ya fara binta tun 2002, shekarar da Jay-Jay Okocha ya bar Paris ya koma can. Okocha ya tafi a 2006, Bolton ta faɗo daga gasar Firimiya a 2012, a 2019 bashi ya kusa rufe ta gaba ɗaya, a 2020 ta tsinci kanta a rukuni na huɗu na ƙwallon Ingila. Babu gidan kallon da ke nuna wasanta. Duk da haka, ranar wasa za ka ga wayarsa jingine da keken ɗinki, yana taka keke yana satar kallon sakamako. Idan an ci su, ranar ko hira ba ya so.

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Me ke sa mutum mai hankalinsa ya bar ƙungiyar da ke ɗaga kofi kusan duk shekara, ya rungumi wadda ba ta da komai, a garin da bai taɓa takawa ba? Abin da za mu duba ke nan yau.

Ƙofar da aka fi shiga ta cikinta, musamman a wajenmu, ita ce ta ɗan gida. Nwankwo Kanu ne ya ci ƙwallo ɗaya tilo da ta ba Portsmouth kofin FA a 2008, John Utaka ne ya bugo masa ita, ga Sulley Muntari na Ghana a tsakiyar fili. Da Ahmed Musa ya koma Leicester daga CSKA Moscow a 2016, rigar Leicester ta shigo kasuwanninmu, sannan Wilfred Ndidi da Kelechi Iheanacho suka biyo baya. Sadiq Umar ɗan Kaduna ya sa mutane da yawa suka san akwai gari a kudancin Sifaniya mai suna Almeriya, lokacin da ya taimaka wa ƙungiyar garin ta hau La Liga a 2022. Wasu kuma ta wasan kwamfuta suka shigo, irin su Football Manager, inda mutum zai ɗauki ƙaramar ƙungiya ya yi ta horar da ita a allo har ya haddace sunan masu zaman benci. Wani karatu ne ya kai shi garin. Wani mahaifinsa ne ya taɓa aiki a can ya dawo da tsohuwar riga.

Wannan duk shiga ce. Yawanci idan ɗan wasan ya tafi, mutane kan bi shi, kuma ban ga laifinsu ba. Tambayar da ta fi damuna ita ce ta waɗanda suka zauna.

Mu je arewacin Sifaniya, birnin Oviedo. Ƙungiyar Real Oviedo ta daɗe ana damawa da ita a La Liga kafin ta faɗo a 2001, ta yi ta gangarawa har rukuni na huɗu a 2003. A ƙarshen 2012 tana rukuni na uku, kuma an ba ta wa'adi: ko ta tara kusan Yuro miliyan biyu a cikin 'yan makonni, ko a rushe ta. Sai ta sa hannun jarinta a kasuwa, kowane ɗaya Yuro 10.75. Tsofaffin yaranta da suka yi suna a Ingila, Santi Cazorla da Juan Mata da Michu, suka saya. Wani ɗan jaridar Ingila mai suna Sid Lowe, wanda ya taɓa zama a garin, ya yi ta yaɗa maganar a Twitter. Nan da nan dubban mutane daga ƙasashe barkatai suka fara turo kuɗi, wani hannun jari ɗaya, wani biyu. Akasarinsu ba su taɓa ganin filin wasanta, Carlos Tartiere, da idonsu ba. Kuɗin ya taru, daga baya attajirin Meziko Carlos Slim ya ƙara Yuro miliyan biyu, ƙungiya ta tsira.

Ku tsaya ku auna wannan. Idan ka tura wa Real Madrid Yuro goma, ɗigon ruwa ne a teku, ba wanda zai san ka yi. Amma Yuro goman da wani ɗalibi ya tura wa Oviedo daga wata nahiya, tana cikin abin da ya hana a rufe ƙofa. An aiko masa da takardar shaida ɗauke da sunansa. Daga ranar, idan ya ce "ƙungiyarmu", ba aron baki ya yi ba. A ganina nan zuciyar maganar take. Babbar ƙungiya tana sayar maka da riga da tikiti da tashar kallo, kai ɗaya ne cikin ɗaruruwan miliyoyi. Ƙarama kuwa buƙatarka take yi, kuma ɗan Adam yana son wurin da za a lura idan bai zo ba.

Abin da ya faru a Balin, babban birnin Jamus, ya ma fi wannan taɓa zuciya. Union Berlin ƙungiya ce ta gabashin birnin, filinta na bakin daji a unguwar Köpenick. A 2004 ta rasa kuɗin da za ta biya a ba ta lasisin shiga gasa. A Jamus akan ba wanda ya ba da gudummawar jini ɗan abin hannu, sai magoya baya suka yi layi suna ba da jini, suna miƙa wa ƙungiya kuɗin. Shekara huɗu bayan haka filin ya tsufa, hukuma ta ce sai an gyara, aljihu kuma babu nauyi. Daga 2008 zuwa 2009 mutum sama da 2,000 suka fito aikin gayya. Magina, masu walda, malaman makaranta, marasa aiki, kowa da abin da ya iya. Wani ya ɗauki hutu a wurin aikinsa ya zo kwaɓa siminti. Suka zuba kimanin awa 140,000 kyauta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, su kuwa filin ƙwallo sukutum suka ɗauka. Mutumin da ke tsaye a kan matakalar nan yau yana iya nuna wa ɗansa daidai inda ya zuba kankare.

A 2019 Union ta hau Bundesliga karo na farko a tarihinta. A wasan farko, kafin a busa usur, jama'a suka ɗaga hotunan 'yan uwansu magoya baya da suka rasu ba su ga wannan rana ba. Fuskokin iyaye da kakanni da abokai suka cika fili. Duk lokacin da na ga wannan hoto sai jikina ya yi sanyi. Ɗan Najeriya Taiwo Awoniyi ya buga musu daga 2020 zuwa 2022, kuma a 2023 suka gama a matsayi na huɗu, suka shiga gasar zakarun Turai, har suka kara da Real Madrid.

Jamus na da wata doka da ta taimaka wa irin wannan, wadda ake kira 50+1. Ma'anarta, in ban da 'yan ƙungiyoyi ƙalilan, rinjayen ƙuri'a yana hannun membobi, attajiri ba zai saye ƙungiya ya yi yadda ya ga dama da ita ba. Ingila ba ta da wannan, kuma mutanen Wimbledon da ke kudancin Landan sun ɗanɗana kuɗarsu. Ƙungiyarsu ce ta doke Liverpool ta ɗauki kofin FA a 1988, John Fashanu na gaba. A 2002 aka amince wa masu ita su kwashe ta zuwa Milton Keynes, tafiyar kusan kilomita 90. Magoya baya suka ƙi bi. Suka kafa sabuwa mai suna AFC Wimbledon, suka kira gwajin 'yan wasa a filin shaƙatawa na unguwa, suka fara daga rukuni na tara. Cikin shekara tara suka dawo gasar ƙwararru, a 2020 kuma suka koma titinsu na asali, Plough Lane, a sabon fili. Haka wasu 'yan Manchester United suka ɓalle a 2005 suka kafa FC United saboda ƙin yadda iyalan Glazer suka sayi ƙungiyar da bashi.

Shi ya sa a watan Afrilun 2021, da manyan ƙungiyoyi 12 suka sanar za su kafa gasarsu ta Super League wadda ba a faɗowa daga cikinta, magoya bayansu da kansu suka fito kan titi, cikin kwana biyu shirin ya wargaje a Ingila. Mutane sun gane cewa in an rufe ƙofar hawa da sauka, an kashe mafarkin ƙanana.

Akwai kuma maganar daɗi. Wanda ke cin nama kullum ba ya jin abin da mai jiran layya ke ji. Ɗan babbar ƙungiya in an yi canjaras sai ya kwana da baƙin ciki, in shekara ta wuce babu kofi sai ya nemi a kori koci. Ɗan ƙaramar ƙungiya kuwa, kunnen doki a gidan zakara ya ishe shi labari har jikoki. Leicester ta shafe mafi yawan kakar 2015 a ƙasan tebur, da ƙyar ta sha. Kaka ta gaba, ƙarƙashin Claudio Ranieri, da Jamie Vardy wanda har 2012 a ƙananan rukunai yake bugawa, da Riyad Mahrez da N'Golo Kanté, ta lashe Firimiya da maki 81, tazarar maki goma tsakaninta da Arsenal. Duniya ta taya su murna, amma murnar wanda ya bi su tun suna rukuni na uku a 2008 daban take. Mu ma mun san wannan daɗi. A 2009 Kano Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin zakarun Afirka, bayan an tashi biyu da biyu a Alƙahira, ta kai har wasan kusa da na ƙarshe. Wanda yake Kano a lokacin bai manta ba.

Wani zai ce, to Wrexham fa? Gaskiya ne, tun da taurarin fim Ryan Reynolds da Rob McElhenney suka saye ta a 2021, wannan tsohuwar ƙungiya ta yankin Wales da aka kafa a 1864 ta samu masoya a Amurka da sauran duniya, ta hau rukuni sau uku a jere daga 2023 zuwa 2025. Ina taya mutanen garin murna, sun sha wuyar shekara 15 a wajen gasar ƙwararru. Sai dai a nan kuɗi da kyamara ne suka ja ragama. Za a san masoyan nesa na gaskiya ranar da hawan ya tsaya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne namu na gida. Magoya bayan Kano Pillars, wato Sai Masu Gida, na cika filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, ba su guje ta ba ko da ta faɗo a 2022. Ga Wikki Tourists a Bauchi, ga El-Kanemi Warriors a Maiduguri, ga Katsina United, ga Niger Tornadoes a Minna. Soyayyar tana nan. Amma mafi yawan ƙungiyoyinmu mallakar gwamnatocin jihohi ne. Mai goyon baya yana da maƙogwaron ihu, ba shi da ƙuri'a, ba shi da hannun jari. Ɗan Kano da ke Jidda ko Kumasi ko Landan, ko yana so ya sa naira dubu biyar a ƙungiyar garinsu ya karɓi takarda da sunansa, ta wace hanya zai bi? Ina fata wata rana mu ga an buɗe wannan ƙofa.

Mu koma Oviedo. A 2023 Santi Cazorla ya dawo gida, bayan Arsenal da kofin Turai biyu da ya ɗauka da Sifaniya, da ciwon ƙafar da ya kusa raba shi da ƙwallo. Ya karɓi mafi ƙarancin albashin da doka ta yarda a biya, ya nemi a riƙa ware wani kaso na cinikin rigarsa ga makarantar yaran ƙungiyar. Ranar 21 ga Yunin 2025, a wasan ƙarshe na neman hawa La Liga, ƙungiyar Mirandés ta zo Carlos Tartiere da ci ɗaya a hannu daga karawar farko, ta kuma ƙara wani. Sai aka ba Oviedo bugun daga kai sai mai tsaron gida. Cazorla, yana da shekara 40, ya ajiye ƙwallo ya zura ta a raga. Aka tafi ƙarin lokaci, aka tashi uku da ɗaya. Bayan shekara 24, Oviedo ta koma La Liga. Jama'a suka kwarara cikin fili, a wasu ƙasashe masu nisa kuma mutane suka yi ta ciro tsohuwar takardar nan ta 2012 suna ɗaukar hotonta suna sawa a intanet.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.