Baƙuwa ta ƙi cin tuwona saboda Ɗan Tauri

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka daga Manchester. Ku yi haƙuri da fuskata yau, tun jiya raina yake a ɓace, na ce bari in kunna waya in amayar muku ko zan samu sauƙi.

Kun ga tukunyar nan? Miyar kuka ce, da daddawar da aka aiko min tun daga Zariya, wadda nake ɓoyo a firiza kamar gwal. Jiya na yi baƙuwa, wata 'yar garinmu, ba zan kama suna ba. Na tuƙa tuwo, mun zauna, ta kai loma biyu ke nan sai ga Ɗan Tauri ya fito daga ƙarƙashin kujera yana miƙa. Ta ce wannan muzurun me ya cinye masa kunne? Ni da bakina na shiga ba ta labari, har na ce yana ɗauke da FIV. Ta ce mene ne kuma haka? Na ce shi ne wasu ke kira ƙanjamaun maguna. Wallahi ban rufe baki ba ta tsame hannu daga kwano, ta janye ɗanta jikinta. "Haba Yaya, kin san da haka kika bari muka ci?" Ko shayi ba ta tsaya sha ba. Daddawata ta tafi a banza.

To bari in faɗa a nan, tunda jiya ba a ba ni dama ba. Cutar nan ba ta kama mutum. Danginsu ɗaya da ƙanjamaun mutane, ita ma garkuwar jiki take raunanawa, amma ta maguna ce. Tun 1986 aka gano ta a Kalifoniya, kuma har yau likitocin dabbobi da hannunsu suke taɓa irin waɗannan magunan kullum. Ni da nake aikin kula da tsofaffi, ana mana bita a kan tsafta har mu gaji, zan ajiye abin da zai cuci yaro a falona?

Ga shi nan, zo Ɗan Tauri, zo a gan ka. Ku dubi kumatun nan, ku dubi tabon goshin. A bayan gidan nan na tsince shi cikin hunturun bara, wajen kwandunan shara, ya jiƙe sharkaf, ƙafa ɗaya a kumbure. Na kai shi asibitin dabbobi, ganin likita kawai fam 55, ban ma so in lissafa da naira. Suka duba ko yana da 'yar na'urar nan mai kamar ƙwayar shinkafa da ake sakawa a fatar wuya, babu. A Ingila tun Yunin 2024 dole ne a saka wa mage ita, in ba haka ba tarar tana iya kaiwa fam 500. Ku ji fa, mage da katin shaida. Suka ɗebi jini, ba a yi minti goma sha biyar ba likitar ta dawo tana min irin kallon da ake yi wa mai jego in abu ya ɓaci.

Gabana ya faɗi, don ina da maguna biyu, Lami da Talatu, a gida, kuma lafiyarsu ƙalau. Lami kuwa sunanta ya bi ta, kyanwar Lami ce ta gaske, ba cizo ba yakushi. Na ce shi ke nan, na kwaso musu ajali.

Likitar ce ta zaunar da ni. Ta ce babbar hanyar yaɗuwar abin ita ce cizo mai zurfi, irin na muzurai masu yawon dare suna faɗa a kan mace ko a kan unguwa, haƙori ya nutse yawu ya shiga jini. Shi ya sa ta fi yawa a muzuran titi da ba a dandaƙe ba. Amma cin abinci a kwano ɗaya, ko lasar juna, ko kwanciya tare, da wuya ƙwarai su kawo ta, kuma ƙwayar ba ta daɗewa da rai in ta bar jiki. Da na dawo gida ban yarda ba sai da na bincika da kaina, kun san halina. Na ga binciken wata likita ta jami'ar Purdue a Amurka da ya fito a 2014, gida guda na ceton maguna, guda 8 masu cutar suna zaune da 130 marasa ita, kuma cikin waɗanda aka sake gwadawa daga baya babu ko ɗaya da ta kamu. A daren na samu barci.

Amma kada wata ta ji wannan ta je ta kwaso muzurun titi ta jefa cikin magunanta, ta ce ni na ce. Ni sai da aka dandaƙe shi tukuna, fam 90 ta tafi a nan. Sannan ya yi sati uku a ɗakin baƙi ƙofa a rufe, ina ɗaukar bargonsa in kai musu su shinshina, in kawo masa nasu. Daga nan na riƙa buɗe ƙofa kaɗan suna kallon juna. Talatu ta yi ta hura hanci tana masa kallon hadarin kaji. Rana ɗaya suka kaure a kicin, na ga jini a kafaɗarta, na kusa suma. Aka ce in jira wata biyu kafin a gwada, don jiki bai nuna alama da wuri. Wata biyun nan sun fi min shekara tsawo. Sakamako ya fito ba komai, yakushi ne kawai. Da a ce shi mafaɗaci ne mai neman cizo, wallahi da na raba su har abada, don a ƙasar nan babu allurar rigakafin FIV. Kuma ku tambaya da kyau wace cuta aka ce muku, akwai wata FeLV, ita wannan ta kwano da lasar juna ma tana bi. Kar a haɗa su.

Ɗanyen nama kuma na hana shi, komai kukansa in ina yanka kaza, tunda garkuwarsa ba ta da ƙarfin ta sauran. Sai bakinsa. Masu cutar nan dasashinsu na yawan kumbura, an cire masa haƙora uku, kuɗin ya fi tikitin Kano zuwa Abuja a jirgi sau nawa, mu bar zancen. Duk wata shida muna komawa a duba shi.

Mama ce ma ta ba ni dariya. Da na ce mata ba ya fita waje, sai ta ce, "Ke 'yar nan, kulle mage? Kin manta matar da aka yi wa azaba saboda mage?" Na ce Mama, waccan ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ba, wannan kuwa ya fi ni cin kifi. In na sake shi, magunan maƙwabta zai je ya ciza. Ta yi shiru, sannan ta ce to a gaishe shi. Sai na tuna magunan gidanmu a Tudun Wada, suna bin katanga da magariba, babu mai suna, babu mai asibiti, kowa ya zuba musu ƙanzo. Allah kaɗai ya san nawa ne cikinsu suke yawo da abin nan. Ita baƙuwar tawa ma a gidansu akwai muzuru, na san shi, baƙi ne mai guntun bindi.

Ku duba can kan hita. Lami ce take lasar masa kunnen da ya yage, shi kuma ya lumshe ido kamar wani hakimi. Kai, Talatu, sauka daga kan tukunyar nan! Jama'a bari in je, aikin dare nake da shi, kuma sauran miyar nan ni kaɗai zan shanye ta.